Kawu da Akwatin da Aka Ɓoye

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar wata Talata da hantsi a gidansa na Ƙofar 'Yandaka, bayan jinyar da ta kusa shekara. Aka yi masa sutura, aka sallace shi bayan azahar. Kafin la'asar maza sun dawo daga maƙabarta, sun zazzauna a ƙarƙashin rumfar da aka kafa a ƙofar gida.

Mu mata muna ɗakin Inna, matar Kawu. Tagar ɗakin tana kallon rumfar, don haka duk abin da aka faɗa a waje yana shigo mana. Wani ya ce Malam mutum ne mai haƙuri. Wani ya ce bai taɓa ganin ya rasa sahun farko ba. Sai wata murya mai kauri ta ɗaga, ta danne sauran.

"Mun yi rashin mai gaskiya. Wallahi irinsu sun ƙare a garin nan."

Na gane muryar. Alhaji ne, shugaban ƙungiyar da Kawu ya yi wa aiki a ƙarshen rayuwarsa. Yatsun Inna suka tsaya a kan carbi. Ba ta ɗago ba, ta ce a hankali, "Kin ji shi kau? Yau ya san da gaskiya."

Mahaifiyata ce ta fi kowa kuka a ɗakin. Mata suna riƙe ta, suna ce mata ta yi haƙuri, rabuwa da ɗan'uwa ba wasa ba. Babu wadda ta ce komai a kan shekara huɗu da ta yi ba ta taka gidan ba. Mahaifina kuma yana gaban rumfa, shi ke miƙa hannu yana karɓar gaisuwa a matsayin suruki, yana amsa "amin, amin" da muryar da ta dace. Ni ma ina nan na zauna, na rufe fuska da mayafi, kuma ba ni da bakin zargin kowa. Zan zo kan wannan.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da na ji rana ta biyu. Wani baƙo ya tambayi wanda ke kusa da shi, wai wane ne ya rasu. Aka ce masa, "Tsohon nan ne mai gyaran kwamfuta." Shi ke nan. Kawu bai taɓa kwance kwamfuta ba, ko sukurudireba ba shi da ita. Na ga idan na yi shiru, a haka za a bar shi, kuma shirun zai yi wa mutane da yawa daɗi.

Kawu ya fara aikin gwamnati a matsayin mai buga tafireta. Da aka kawo kwamfuta ofishinsu, tsararrakinsa suka ja da baya, wasu suka nemi canjin wurin aiki. Shi kuwa ya ja kujera ya zauna. Yana da shekara kusan hamsin ya soma koyo, da littattafan gwanjo da yake saye a kasuwa, da ƙamus a gefe. Ba ya taɓa madannai sai ya wanke hannu. In ya gama aiki yakan rufe kwamfutar da wani tsohon zanen Inna mai ruwan goro. In ta ƙi yin abin da ya ce, ba ya zaginta kamar yadda muke yi. Sai ya cire tabarau ya ce, "To, ni ne ban iya tambaya ba."

Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini tun ina goye. Shi ya fara ɗora yatsuna a kan madannai, kuma saboda shi na zama malamar kwamfuta a makarantar sakandare ta 'yan mata. Amma kada a ce na mayar da shi waliyyi. Kawu yana da kaifin harshe. In ka faɗi abin da ba ka tabbatar ba, zai tsare ka da "Wa ya faɗa maka? Ka gani?" ko a gaban surukanka ne. An sha jin haushinsa a taron biki.

Abin da ya fi ƙwarewa a kai wani ɗan fanni ne da ko mu malamai ba mu damu da shi ba. Akwai ƙananan yarukan kwamfuta da mutum ke rubuta umarni da su, layi bayan layi, kwamfuta ta bi. Da irin wannan rubutun umarni Kawu yake sa kwamfuta ta leƙa tagar wata manhaja, ta karanto rubutun da ke cikin akwatunanta, ta kawo masa. Ya taɓa yi mini bayani da misalin gida. Ya ce taga kamar gida ce, kowane akwati da kowane maɓalli ɗaki ne, kuma kowane ɗaki yana da lambarsa ko da ba a rubuta a ƙofa ba. In ka san lambar, ka yi sallama yadda ya kamata, ka ce mi ke cikinka, ɗakin zai faɗa maka.

Na fara ganin amfanin abin a kan wani abokinsa, tsohon malamin Larabci da ke zaune kusa da hasumiyar Gobarau, wanda hawan jini ya tafi da idonsa. 'Ya'yansa sun saya masa kwamfuta mai karanta rubutu da murya, amma muryar ba ta iya karanta manhajar ƙamus ɗin da ya saba da ita. In ta iso wurin sai ta yi tsit. Kawu ya yi sati uku yana zuwa gidan bayan la'asar. Ya gano lambar akwatin da ma'anar kalma ke fitowa, ya rubuta umarnin da zai ɗauko rubutun ya miƙa wa muryar. Ranar da abin ya yi, na raka shi. Malamin ya buga kalma da lalube, ya danna maɓalli ɗaya, murya ta karanto masa fassarar tun daga farko har ƙarshe. Sai ya ce, "Malam, sake." Aka sake. Ya ce, "Shekara biyar ke nan ban duba kalma da kaina ba." Kawu ya tashi yana neman takalmansa, wai magariba ta kusa, alhali rana tana sama. Ba ya iya tsayawa a yi masa godiya.

Bayan ya yi ritaya ne wata ƙungiyar ma'aikata ta ɗauke shi ya riƙe mata bayanai. Shekaru da yawa kafin nan ƙungiyar ta sayi wata babbar gona a hanyar Batagarawa, ta yanka ta filaye, ta raba wa mambobinta, daga darakta har masinja. Alhaji ne shugaba. Mahaifina ne sakatare, kuma shi ya kawo Kawu. Daga cikin filayen nan Baba ya ba ni ɗaya bayan aurena, ya ce nasa ne na biyu da ya samu. Ni da maigidana muka gina, muka tare.

Duk bayanan filayen suna cikin wata tsohuwar manhaja da wani ɗan kwangila ya yi musu, ya tafi, lambar wayarsa ta daina shiga. Manhajar ba ta da hanyar fitar da bayanai. Sai dai ka buga lambar fili, ta nuna maka taga ɗaya, ka karanta da ido, ka rufe, ka buga ta gaba. Kwamfutar kuma ta tsufa, tana ɗaukewa ba sallama, takardun asali kuwa ruwa ya ci rabinsu a wata damina. Kwamiti ya ce a ɗauko masu buga rubutu su kwafe da hannu. Kawu ya ce hannu yana kuskure, a ba shi wata ɗaya.

Wata Asabar da safe ya kira ni ofishin, ya ce in zo in ga wani abu. Na same shi ya cire hula ya ajiye a kan tebur, alamar aiki ya yi zafi. Ya nuna mini wata 'yar manhaja da in ka ɗora linzamin kwamfuta a kan akwati, sai ta faɗa maka lambarsa. Ya bi akwatunan tagar ɗaya bayan ɗaya: suna, lambar fili, girma, unguwa, magaji, da sauransu.

"Ƙirga mini su, Uwata."

Na ƙirga da yatsa a kan gilashi. "Goma sha biyu."

"Ni ma haka na gani. Amma ban yarda da idona ba. Sai na ce wa rubutun nawa, kada ka bi lissafina, ka tambayi tagar da kanta ɗakuna nawa gare ta, ka karanto kowanne."

Ya danna. Layuka suka zubo a farin shafi. Na ƙirga. Goma sha uku.

Na goma sha ukun akwati ne da ɗan kwangilar ya ɓoye, ido ba ya ganinsa, amma yana nan da rubutu a ciki. Duk lokacin da aka canja sunan mai fili, manhajar takan ajiye sunan farko a wurin, tare da sunan wanda ya shiga ya yi canjin. Wataƙila ya yi shi ne don gwaji ya manta. Wataƙila ya san mutanen da yake wa aiki. A yawancin filaye akwatin fanko ne. A wasu kuwa akwai suna, kuma Kawu ya san sunayen. Masinjoji ne, da direbobi, da masu shara, waɗanda suka rasu suka bar mata da yara da ba su san an taɓa ba mazansu fili ba, ko sun sani amma ba su da takarda. A akwatin da ido ke gani kuwa, sunayen 'yan kwamiti ne da na 'ya'yansu.

Na ce, "Kawu, wa ya yi canjin?"

Ya ɗauki hularsa ya sa. "Da sunan sakatare aka shiga."

Ban tambaye shi lambar filina ba. Na ce ina da girki, na tafi.

Kawu bai kai maganar kwamiti ba sai da ya fara zuwa wurin Baba. Ina gidanmu ranar, ina tsakar gida da mahaifiyata, su kuma suna zaure. An yi gaisuwa mai tsawo kamar kullum, aka tambayi gajiya da iyali da jikin Inna. Daga nan murya ta sauka, ba mu ji komai ba, sai can ta Baba ta tashi.

"Yaya, ni na kawo ka wurin nan!"

"Kai ka kawo ni. Shi ya sa na fara zuwa wurinka. Ku mayar musu a tsakaninku, ba sai kowa ya ji ba. Ni zan rubuta sunayen yadda suke tun farko, magana ta mutu."

"An gina wasu. An sayar da wasu. Ka san abin da kake cewa?"

"Na san marayu ne."

"Kwafe aka ce ka yi. Abin da ido ke gani. Wa ya aike ka leƙe?"

"Ba wanda ya aike ni. Amma na gani, kuma ba ni da inda zan mayar da ganin."

Mahaifiyata ta miƙe da muciya a hannu, ta tsaya a bakin zaure, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta ce, "Yaya, gidana za ka kashe? Uban 'ya'yana za ka tozarta saboda injin da ba ya salla?" Kawu ya dube ta ya ce, "Injin bai ci na kowa ba." Ta ce in dai ya kai maganar gaba, to babu ita babu shi. Ya sa takalmansa ya fita. Ya kai maganar gaba.

Ranar zaman kwamiti Baba ya ce in shirya in raka shi. Ya ce ana son wanda ya san kwamfuta, mai takardar shaida, ya yi bayani. Na san abin da ake so da ni tun muna cikin mota, kuma ban ce a sauke ni ba.

Su bakwai ne a kan doguwar kujera, Kawu shi kaɗai a gefe da takardunsa a cikin jakar leda. Ya yi bayani tiryan-tiryan, ya buɗe taga a gabansu, ya sa rubutun ya karanto akwatin ɓoye na fili uku. Wani daga cikinsu ya ce shi bai ga wani akwati ba. Kawu ya ce ai shi ya sa ake ce masa ɓoyayye. Aka yi 'yar dariya, Alhaji bai yi ba. Ya juyo wurina.

"Malama, ke ce kika yi karatun abin nan a jami'a. Malam kuwa, Allah Ya ba shi lada, da ka ya koya. Tambaya ɗaya zan yi miki. Irin wannan rubutu da mutum ke yi da hannunsa, yana iya kawo abin da ba shi ne ba? Yana iya haɗa sunan wani da filin wani?"

Amsar gaskiya ita ce, rubutun umarni yana iya kuskure, amma wannan bai yi ba. Na duba shi layi-layi. Ba ya ƙirƙirar komai, tambaya kawai yake yi ya rubuta amsa. Kuma ko yaro ya san kuskure ba ya zaɓen matattu zalla. Duk wannan yana bakina. Na dubi Baba, ya sunkuyar da kai yana murza hularsa a gwiwa. Na ce, "Yana iya yiwuwa, ranka ya daɗe."

Alhaji ya ce, "To, kun ji."

Kawu bai dube ni da fushi ba. Da ma ya yi. Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya ce, "Haka ne, yana iya yiwuwa." Ya tattara takardunsa.

Abin da ya biyo baya bai ɗauki wata guda ba. Aka karɓi aikin da ya yi, duk filayen da ya kwafo ba tare da kuskuren harafi ɗaya ba, aka goge layi na goma sha uku, aka zuba sauran a sabuwar manhaja. A taron shekara aka yaba wa wani ƙwararre da aka ce an ɗauko daga Abuja, wai shi ya ceto bayanan ƙungiya. Tsohuwar kwamfutar aka ce ta ƙone. Kawu kuma aka rubuta masa takardar godiya, aka ce shekaru sun ja, ya je ya huta. A gari maganar da ta yaɗu ita ce tsufa ya fara taɓa shi, yana ganin sunayen matattu a cikin kwamfuta. Har a masallacin unguwarsu an yi masa wannan raha.

Ya rubuta wasiƙu, ba a amsa ba. Inna ta ce masa ya je kotu, tunda yana da kwafi a takarda. Ya ɗauki jakar ledar har sau biyu, ya kai bakin titi ya dawo. Ya ce mata, "In na shiga, mijin ƙanwata zan ɗaure. Kuma shaidar da za su kira ɗiyata ce." Inna ba ta yafe masa wannan ba, ta faɗa mini da bakinta. Ta ce ya tsaya a tsakiya, bai ceci marayu ba, bai tsira da zumunci ba. Ina ganin shi ma haka ya ɗauki kansa. Daga lokacin ya rage magana. "Wa ya faɗa maka?" ɗin nan da ke ba mutane haushi, ba a sake jin ta ba.

Mahaifiyata ta cika alkawarinta, ta ɗauke ƙafa. Ni ban yi rantsuwa ba, amma na riƙa samun dalili: jarrabawa, ciki, zazzaɓin yara. Da na haifi ɗiya mace, muka sa mata sunan Inna, ya zo suna. Ya tsaya a waje, ya aika a miƙo masa jaririyar, ya yi mata addu'a a tsaye a bakin ƙofa. Maigidana ya yi ta roƙonsa ya shigo ya ci abinci. Ya ce ya ƙoshi. Da azahar ta yi aka shimfiɗa tabarmi a farfajiyarmu, shi kuwa ya ɗauki butarsa ya tsallaka titi, ya yi sallarsa a gindin wata bishiyar dalbejiya. Mutane suka ce rikicin tsufa ne. Ni na san ba shi ba ne, filin ne ya ƙi yin salla a kansa, na koma ɗaki na ci gaba da karɓar barka.

Sai da ciwo ya kwantar da shi sannan na je. Wata Juma'a ce da hantsi. Ya rame har zoben azurfarsa ya koma babban yatsa. Kwamfutarsa tana kan tebur a rufe da zanen nan. Na durƙusa na gaishe shi, na kasa ɗagowa.

"Uwata ce? Ina yara? Ina mai sunan Inna?"

Na ce suna lafiya. Na ce, "Kawu, ka yafe mini."

"Na yafe tun a ɗakin taron. Uba ne a gabanki. Ni ma da na isa bakin titi ai dawowa na yi."

Na yi kuka har Inna ta leƙo ta koma. Da na natsu na ce ina son in tambaye shi abu ɗaya. Ya ce, "Kada ki tambayi abin da ba za ki iya ɗauka ba." Na faɗi lambar filina. Bai nemi takarda ba. Ya rufe ido ya faɗi sunan wani masinja da ya rasu a hatsarin babur shekaru da dama da suka wuce, ya bar mace da yara huɗu. Ya faɗa mini unguwar da matar take, a ɗaki ɗaya a gidan wanta, tana tuyar awara a ƙofar gida.

Na ce, "Me zan yi, Kawu?"

"Ban ce ki yi komai ba. Kin tambaya, na karanta miki."

Bayan wannan na je sau uku, ba mu sake tayar da maganar ba. A zuwa na ƙarshe ya sa na buɗe kwamfutar, ya nuna mini inda ya ajiye rubuce-rubucensa, kowanne da bayani da Hausa a saman kowane layi, yadda duk wanda ya zo bayansa zai gane. Ya ce malamin nan na Gobarau an canja masa kwamfuta, muryar ta sake yin tsit, in je in gyara masa lambar akwatin. Wasiyyar da ya bar mini ke nan. Na je na gyara, aikin minti ashirin ne.

Da aka share makoki na sami Baba a zaure shi kaɗai. Na faɗa masa abin da na sani. Ya ce, "Wanda ya tayar da maganar ya tafi. A bar kaza cikin gashinta." Maigidana kuma ya ce shi da guminsa ya yi gini, bai ƙwaci na kowa ba, in kuma na tona, mahaifina zan tona. Duka biyun ba ƙarya suka yi ba, kuma duka biyun sun yi barcinsu.

Ni ce na kasa. Bayan sati biyu na hau Keke Napep na nemi unguwar. Ban sha wuya ba, kowa ya san mai awara. Na same ta a ƙofar gida tana juya kasko, dattijuwa siririya, hayaƙi ya rine mata idanu. Na yi sallama, muka gaisa. Ta ba ni kujera 'yar tsugune, ta aika aka kawo mini ruwa a kofin roba. Na fara kame-kame, na ce ni ɗiyar ƙanwar Malam ce, na Ƙofar 'Yandaka, wanda ya rasu.

Ta ajiye matsamin da ke hannunta. "Allah Ya jiƙan Malam. Na je gaisuwa rana ta ukku, na tsaya daga waje, mutane sun yi yawa." Ta dube ni sosai. "Ke ce malamar makaranta."

Na ce ni ce.

"Ya zo nan, shekara huɗu ke nan. Nan inda kike zaune ya zauna. Ni ban ma san uban yaran nan yana da fili ba, shi ya faɗa mini. Ya ce ya yi iya yinsa ya kasa, in yafe masa. Dattijo kamar wannan, yana ba ni haƙuri a kan abin da ba shi ya ci ba." Ta gyara itacen murhu. "Na ce masa wa ke ciki? Ya ce ɗiyarsa ce, kuma ba ta sani ba. Ya ce in ba ta lokaci, yarinya ce mai tsoron Allah, wata rana za ta zo da ƙafarta."

Mai ya yi ƙara a kasko. Ta tsame awarar da ta soyu, ta zuba wata.

"To, ga shi kin zo. Mi kika zo da shi?"

Ban zo da komai ba. Ko shawara ban yanke ba kafin in fito. Na zo ne a ce mini an yafe, in koma gida da sauƙin zuciya. Na zauna riƙe da kofin ruwanta, har wata yarinya ta zo sayen awara ta juya ta sallame ta.

Allah Ka jiƙan Kawu, Ka haskaka kabarinsa, Ka yafe masa dawowar da ya yi daga bakin titi, Ka sa abin da ya gani ya faɗa ya zama hujja gare shi. Mu kuma da muka rage, waɗanda muka yi kuka a ɗakin Inna da waɗanda suka karɓi gaisuwa a rumfa, ban san da wace fuska zan roƙa mana ba. A cikin gidan da muka gina a filin nan nake rubuta wannan. Matar ta ce in koma ranar Asabar da amsa.